Ranar da Aka Tambayi Inna

Ni dai tun ina ƙarama aka gama yanke mini hukunci a gidanmu: baki gare ni. In na shigo da gudu na ce akuya ta faɗa gonar wake, sai an tura wani ya leƙa kafin a tashi. In ya dawo ya ce haka ne, shi za a yi wa sannu. Ban taɓa shirya wata ƙarya mai girma ba, wallahi, surutu ne kawai da saurin fushi, amma a wurin mutanenmu mai yawan magana da maƙaryaci duk ɗaya ne. Da na yi aure biyu duk suka mutu na dawo gaban uwata, sai ɗan abin da ya rage wa maganata na daraja ya ƙarasa zubewa. Na faɗi wannan tun farko don mai karatu ya san da wa yake tafe. Duk waɗanda suka ga abin da zan ba da labari sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na saura.

Inna kuwa ba haka take ba. Sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Mahaifiyarta Bafulatana ce, kuma ta shayar da ita kunya tare da nono. Har Baba ya rasu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta ci abinci gaban surukai ba. Matan garinmu Amarawa in za su yi wa 'ya'yansu faɗa da ita suke misali, in za su yi musu kashedi kuma da ni.

Yayana shi ne ɗanta na fari. Wanda bai tashi cikinmu ba zai yi mamakin yadda uwa take yi da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa. In baƙuwa ta tambaye ta ko nata ne, sai ta kau da kai ta ce ɗan wance ne, ita ina ta ga ɗa. Baƙuwar ta yi dariya, don amsar nan ita ce ta tabbatar mata da abin da ta tambaya. Ranar da aka yaye Yaya aka goya shi aka kai wa kakarmu, uwar Inna, a wani ƙauye da ke arewa da mu, tafiyar hantsi. A can ya girma, ita yake kira Inna. Tamu Innar kuma in ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana duban bango. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san wa ake ɓoye wa man shanu a ƙaramar ƙwarya, na san wa ake yi wa saƙar zaren da ya fi kowane laushi.

Ana nan sai Nasara suka zo, iri biyu. Wata shekara da rani suka bi daji da igiyoyin awo da madubin hange, suna tara duwatsu tsibi-tsibi. Muka ɗauka wani tsafi ne nasu, yara har wasa suke yi a kai. Daga baya aka ce mana iyaka ce: mu na Ingilishi ne, ƙauyen kakarmu na Faransa, ana juya su daga garin Kwanni. Muka ce to. Rijiyarmu ba ta motsa ba, hanyar ba ta motsa ba, mun ci gaba da kai wa juna goron biki kamar da.

Da kakarmu ta rasu, Yaya ya tattaro kayansa ya dawo ya kama gonar Baba. Damina uku ya noma ta. Ya gyara mana rumbu, ya sake danni, har an fara maganar aurensa bayan girbi. Ashe tun yana can, da mutanen Kwanni suka ƙidaya jama'ar ƙauyen, an rubuta shi cikin gidan kakarmu. Sai ga shi an ce kowane ƙauye ya ba da samari na aikin tilas, su ɗauki kaya su yi arewa. Waɗanda suka tafi a baya, da yawa ba su dawo ba, kowa ya sani. Mai garin can ya duba, ya ga in ya ba da sunan wanda ba ya nan, ɗan wani gida ya tsira. Ya ce ai akwai wani nasu da ya gudu Ingilishi.

Soja biyu masu jar hula suka zo daga Kwanni da takarda, suka tarar da Baturen rangadi ya sauka a Illela, garin hakiminmu. Da hantsi dogari ya zo gona ya tafi da Yaya, fartanyarsa ma a nan ya bar ta. Na ɗauki mayafina na bi su.

A gindin wata tsamiya aka zauna. Bature a kujera, saurayi ne, fuskarsa ta yi ja don rana. Hakimi a kan buzu a gefe, tafinta a tsaye tsakaninsu, maza sun yi da'ira, mu mata can baya. Yaya a tsugunne a tsakiya. Maganar ɗaya ce: in mutumin wannan gefe ne, ya zauna, in na can ne, a ba su abinsu.

Sojojin sun zo da dattawa uku daga ƙauyen. Suka rantse cewa a gabansu ya yi rarrafe, a can aka yi masa kaciya, tsohuwar da ta rasu ita yake kira uwa. Ko kalma ɗaya ba su yi ƙarya ba. Baffanmu, ƙanen Baba, ya tashi ya ce ɗan wansa ne, a Amarawa aka yanke masa cibi. Shi ma gaskiya ya faɗa. Amma ɗaya daga cikin sojojin ya ce a tambaye shi wa ke nome masa gona tun da ƙafarsa ta lalace. Baffa ya ce yaron ne. Bature ya gyaɗa kai, wato ya gano mai son kansa. Shi ke nan shaidar Baffa ta faɗi.

Ni ba na ce Baturen nan mugu ne ba, kuma wannan shi ya fi ƙona mini rai. So yake ya yi adalci. Ya daɗe yana buga alƙalaminsa a gwiwa, sannan ya yi magana, tafinta ya juya: tun da an ce uwarsa tana raye, a kawo ta. Uwa ba ta ɓata ɗanta. Abin da ta faɗa shi ne hukunci.

Na duba hakimi, na ga ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Na duba liman. Na duba Baffa. Duk wanda ke wurin nan ya san abin da zai faru, duka, har masu sayar da goro. Kalma ɗaya ta isa: ranka shi daɗe, a nan uwa ba ta amsa ɗan fari, a tambayi ungozoma, tana nan da ranta. Babu wanda ya ce uffan. Ba a magana gaban manya sai an tambaye ka, kuma ba a tambaye su ba. Ban da haka, kowa ya ji sojan ya ce ba za su koma hannu wofi ba, kuma kowane dattijo a wurin yana da samari a gida.

Aka zo da Inna. Ba ta taɓa tsayawa gaban maza uku a haɗe ba, ga ta yau gaban gari. Ta durƙusa nesa, ta ja mayafi har haɓa. Ga Baffa ƙanen mijinta, ga liman, ga hakimi, ga ɗan nata taku biyar daga inda take.

Tafinta ya ce, "Iya, Bature na tambaya. Wanga da ke tsugunne, ɗanki ne?"

Ina hango yatsunta suna murza bakin mayafi.

Ya sake. "Ɗanki ne, ke kika haife shi?"

Ni daga baya ina cewa a raina, faɗi, Inna, faɗi, don girman Allah yau ɗaya. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, irin wadda take amsa wa baƙi da ita.

"Ɗan tsohuwa ne. Ni ina nig ga ɗa."

Wata mata a kusa da ni ta ce, "Allah sarki, uwa." Ita ta ji amsar yadda take. Duk mun ji. Tafinta ya ɗan tsaya, sannan ya juya wa Bature magana gajeriya. Bature ya sa a sake tambaya karo na uku, don kada a ce ya yi gaggawa. Inna ta juya fuskarta gefe gaba ɗaya, ta ba Yaya ƙeya. A wurinmu babu shaidar da ta fi wannan ƙarfi. Bature ya ga mace ta ƙi ko kallon mutum, ya ɗauki alƙalami.

Ban san lokacin da na ratsa maza ba. Na ce, "Ƙarya ne! Ɗanta ne! Ciki guda munka fito! Kunya ta ka ji, ku faɗa mai kunya ce! Liman, kai ba kai ka raɗa mai suna ba? Ku yi magana mana, mi ya same ku?"

Dogari ya riƙe ni. Bature ya tambaya wace ce wannan. Ban san abin da tafinta ya faɗa masa da Turanci ba, amma na ji abin da wani bafaden hakimi ya faɗa wa tafinta: ƙanwarsa ce, bazawara, aurenta biyu, ba a biye mata, haka take. Wasu suka yi 'yar dariya. Bature ya dube ni yadda ake duban mai taɓin hankali, da tausayi ma. Ya ce uwa ta yi magana cikin natsuwa sau uku, ita kuma wannan ihu take yi. Wai har ya yaba wa Inna, ya ce ga mace mai gaskiya da ba ta yarda a sa ta ƙarya ba.

Ka ji fa. Shirun da ya sa aka yarda da ita shi ya hana ta faɗa, ni kuma da na faɗa, faɗar ce ta sa aka ƙi ni. Da na durƙusa na yi magana a hankali, da ba wanda zai ji ni daga bayan maza. Na sha juya wannan a raina shekara da shekaru, ban ga ta inda zan bi in fita ba.

Aka ɗaura wa Yaya igiya a kugu. Na bi su a guje har tsibin duwatsun, sojan ya nuna ni da gindin bindiga, na tsaya.

Da na dawo ban nufi gida ba, wurin tafinta na nufa. Na same shi a bayan masaukin Bature yana wanke ƙafa. Bahaushe ne ɗan'uwanmu, daga gabas, da furfurarsa. Na ce, "Malam, kai ba ka da uwa? Ba ka san abin da ta ka nufi ba?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Na sani, 'yar nan. Ni ma ɗan fari ne."

"To mi ya hana ka faɗi?"

Ya ce wanda ya riga shi aikin, bulala aka yi masa aka kore shi, don an kama shi yana ƙara wa maganar mutane gishiri. Tun ran nan aka gargaɗe shi: abin da baki ya faɗa shi zai juya, ba abin da yake zato ba. In ya fara cewa ta ce a'a amma i take nufi, gobe wa zai yarda da shi? Ya ce, "Ni bakin Bature ne da kunnensa. Ba a ɗauke ni in yi masa tunani ba."

Na zage shi, zagin da ba zan rubuta ba. Ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

A gida na tarar da Inna zaune a tsakar gida, turmi a gabanta da hatsi a ciki, ba ta daka ba. Tana gama amsawa aka sallame ta, ashe ita ba ta ma san abin da ta yi ba. Ta zaci ta amsa yadda ya kamata, kowa ya gane, za a sake shi. Ni na gaya mata, kuma ban gaya mata da daɗi ba. Na ce, "Kin ba da shi, Inna. Kunyarki ta cinye shi, sai ki dafa ta ki ci." Allah Ya yafe mini wannan. Sai ta dafa turmin da hannu biyu kamar za ta faɗi.

Washegari da sassafe ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Muka isa ana naɗe tantin Bature. Matar da ba a jin muryarta daga ɗaki zuwa zaure ta tsaya gaban masu ɗaukar kaya da dogarai ta buɗe fuska. Ta ce ɗanta ne. Ta faɗi ranar da ta haife shi, da ɗakin, da ungozomar, da tabon ƙuna da ke bayan cinyarsa. Sannan ta kira sunansa. Sau uku ta kira shi, da ƙarfi. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har ya yi mini kamar sunan wani baƙo.

Bature ya saurara. Ya ce jiya ta ce ba nata ba ne, yau ta ce nata ne, wanne zai ɗauka? Ya dube ni, ya ce ya san wa ya kwana yana koya mata. Mai magana biyu ba a gina hukunci a kan maganarsa.

Sai a lokacin tafinta ya yi abin da bai yi jiya ba. Ya rusuna ya yi dogon bayani da Turanci, yana nuna Inna. Na ga idon Bature ya buɗe. Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu ya fara rubutu da sauri. Zuciyata ta ce alhamdu lillahi. Ashe tambayoyi ne suka biyo baya: in ɗan farin mace ce, haka ake yi? Uba ma yana yi? Har yaushe ake dainawa? Fulani ne suka kawo ko Hausawa? Inna na tsaye fuska a buɗe, hawaye na zuba, shi yana rubuta al'ada, har da murmushinsa na wanda ya yi tsintuwa. Da ya gama ya rufe littafin, ya ce abin da ban sha'awa ƙwarai, da ma ya sani jiya. Amma ya riga ya sa hannu a takarda, mutanen sun ƙetare, yanzu magana ce tsakanin gwamnati biyu. Zai rubuta wasiƙa. Ya hau doki.

Ko ya rubuta, ko bai rubuta ba, Allah masani. Mu dai ba mu ga komai ba.

Gari kuwa ya rabu biyu a kan Inna. Wasu suka ce wace irin uwa ce za ta ga igiya a kusa da ɗanta ta tsaya kunya. Wasu suka ce tir, tsofai-tsofai da ita ta je gaban kafiri da 'yan dako ta kwance kai tana kiran sunan ɗan fari, kuma a banza. Waɗanda suka fi zaƙewa a maganar su ne mazan da suka zauna a gindin tsamiyar nan bakinsu a rufe. Na tare liman a hanya na tambaye shi. Ya ce, "Ƙaddara ta riga fata." Na ce ƙaddarar ce ta ɗinke maka baki? Aka kai ƙarata wurin Baffa, wai na yi wa malami rashin kunya.

Damina biyu bayan haka wani mutumin ƙauyen kakarmu ya dawo daga arewa, ƙashi da fata. Ya ce Yaya ya faɗi da kaya a kai a kusa da wata rijiya, kwana da yawa bayan ƙarshen gonaki, su suka tona rairayi suka rufe shi. Mutum ɗaya ne ya faɗa, ba wanda ya sa shi rantsuwa, ba wanda ya tambayi aurensa nawa. Aka yi addu'a aka raba gumba. Gonar Baba ta koma saura, ciyawa ta cinye ta, don Baffa ba ƙafa, mu kuma ba ƙarfi.

Inna ba ta sake zama mutum ba. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna. Ni da ita a gidan, sai mu wuni ba mu ce wa juna komai ba, ni mai bakin nan. Ta yi shekara huɗu a haka.

Wata rana da la'asar muna zaune muna gurzar auduga, ba ta ɗago ba ta ce, "Ke kin bi su har iyaka."

Na ce na bi su.

"Ya yi magana?"

Na ci gaba da gurzar audugata.

Ta ce, "Ya san al'ada. Tsohuwa ta koya mai. Ya san abin da nika nufi, ko?" Sai ta ɗago ta dube ni. "Ke kaɗai kinka gane shi daga ƙarshe. Abin da kinka ce shi zan riƙa."

Na ce, "Ya gane, Inna. Dariya ma ya yi. Ya ce in gaya miki kada ki damu, ya san ke ce uwarshi, duk duniya ta sani."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi, ta ja auduga ta ci gaba. Ranar ta ci tuwo fiye da yadda ta saba. Har ta rasu, duk matar da ta shigo gaishe ta sai ta gaya mata cewa ya yi dariya, ya aiko mata da saƙo, ƙanwarsa ce shaida.

Bai yi dariya ba. Da muka isa duwatsun ya juyo, igiya a kugunsa, idonsa ya yi ja. Bai ce in gaishe da kowa ba. Ya dube ni ya ce, "Ko yau ma ba ta iya ba?" Sojan ya ja igiyar, suka wuce.